Tagar Ɗakin Yaya

Yau kwana huɗu ke nan masu aiki suna cikin gidanmu suna ɓamɓare tagogi. Ina zaune a tsakar gida kan tabarmata, ina jin guduma tana cin bango, ina kallon ƙyamaren katakon da na taso na tarar da su, ana jingine su ɗaya bayan ɗaya a gindin rijiya. A madadinsu ana sa na gilashi, irin waɗanda ake turawa gefe, sannan a bi su da wani farin danƙo a liƙe duk wata kafa da iska za ta iya bi. Ɗan yayata ne ya kawo su. Maisuna muke ce masa, don sunan mahaifinmu aka sa masa, kuma ni na goye shi. Yanzu shi ma furfura ta cika masa kai, yana zaune da iyalinsa a unguwar Kwadaso, nan cikin Kumasi, amma ba ya yin mako bai leƙo ni ba. Likita ya gaya masa sanyi ne ke tayar mini da ciwon ƙirji, shi ne ya ce sai an gyara gidan kaf kafin ruwa ya kankama. An gama ɗaki bakwai. Saura nawa, kuma na hana a taɓa.

Kakanmu ne ya gina gidan nan da ribar goro. Da jan bulo ya gina shi, wanda aka ƙona, a lokacin da yawancin gidajen Zongo na laka ne, har ana kwatance da shi a ce wa baƙo ya bi lungu sai ya ga jan gida. Tagogin na katakon odum ne, ƙyaure biyu biyu da sakatar ƙarfe, babu gilashi ko ɗaya. Kafin a haife ni simintin da ke riƙe da su ya fara zuba, tsakanin katako da bulo yatsa yana shiga. Don haka kowace taga da irin kukanta. Ta zaure gurnani take yi, ta ɗakin Baba sai ta riƙa bugawa kamar mai neman a buɗe masa, ta ɗakin ƙarshe kuwa, wadda ke kallon lungu da babbar kwata, fito take yi siriri, wanda ko ka toshe kunne sai ka ji shi. Yaran yanzu ba su san gida yana da murya ba. Abin da suka sani ƙarar fanka da talabijin da wayoyin da ba sa rabuwa da hannunsu.

Wanda bai zauna Kumasi ba yana zaton ba mu san sanyi ba. Namu da ruwa yake zuwa. Akwai watannin da rana takan ɓuya kwana uku, huɗu, yayyafi ba ya tsayawa, wanki ya ƙi bushewa a kan igiya, gishiri ya jiƙe a cikin kwano, ashana ta ƙi kamawa, tabarma ta riƙa warin funfuna. A irin wannan lokaci ake toshe tagogi, kuma aikin 'yan mata ne. Mma, mahaifiyarmu, takan fito da ƙunshin tsofaffin zannuwa a yayyaga, a dama sitacin rogo da kauri, a yanka takardar buhun siminti. Sai a ɗauki wuƙa marar kaifi ana cusa tsumma a kafa, a shafa sitaci, a liƙa takarda a kai. Mma tana tafe tana duba mu tana cewa iska baƙuwa ce marar sallama, idan ba ka tare ta a ƙofa ba sai ka gan ta a kan gadonka. Gaskiyar magana, yawancin 'yan matan gidan aikin ganin ido suke yi. Su cusa nan su bar can, su gudu wajen wasa, kwana biyu takarda ta ɓare, fito ya dawo. Ni ce kaɗai na ɗauki abin da gaske. Yatsuna sirara ne, kuma ina son a yabe ni. A lokacin ban wuce sha biyu ko sha uku ba, ba a ƙirga mana shekaru.

Mu biyu ne mata a wajen Mma, ni da Yaya. Ta girme ni da kusan shekara bakwai, ita ta koya mini kitso da ɗaurin zane da yadda ake cinikin kifi da matan Asante ba tare da an cuce ka ba. An yi mata aure da wani tela a unguwar Dichemso, da cikinta na fari ya tsufa ta dawo gida haihuwa kamar yadda aka saba. Ta haifi namiji a tsakiyar ruwan nan. Aka ba ta ɗakin ƙarshe saboda ya fi kusa da wurin wanka. Safe da yamma ana tafasa ruwa a babbar tukunya da ganyen darbejiya, Mma ta yi mata wankan jego, a kawo kunun kanwa da zafinsa. Babu abin da Mma take tsoro kamar sanyi ya shigi mai jego. Ta ce idan ya shiga ba ya fita sai kabari, ta kuma lissafa matan unguwa da suke tafiya a duƙe saboda an yi musu sakaci. Saboda haka kullum bayan wanka takan kai kurfoti cike da garwashi ta ajiye a kusurwar ɗakin, ta ja ƙofa, ta saki bargo a kan ƙofar. Haka aka yi ta yi har aka yi suna, har aka ƙara mako biyu, ba abin da ya faru. Ɗakin dai ya ƙi yin ɗumi, don tagar nan tana shigo da iskar lungu, har zanen da aka rataya a jikin tagar kaɗawa yake yi.

Ranar da nake son ba da labari, ruwa ya kwana uku yana sauka. Da safe na kai wa Yaya kunu na tarar ta dunƙule cikin mayafi da jaririn a ƙirjinta. Ta ce, "Ƙanwata, ki taimake ni da tagar nan, sare mini baya take yi." Mma ta ji daga waje, ta ce in bar duk wani aiki in yi wannan, kuma in yi shi irin nawa.

Na yi shi irin nawa. Tun hantsi nake kai har aka kusa kiran azahar. Na cire tsofaffin tsummokin da wasu suka cusa, na sa sababbi, na danna su da wuƙa har hannuna ya yi ja. Na liƙa takarda, na jira ta sha iska, na ƙara wata a kai. Na bi tsakanin ƙyauren biyu, na bi ƙarƙashin sakata. Da na ɗaga kai sai na ga wasu ramuka uku can sama da tagar, inda magini ya tsallake bulo da gangan. Ba wanda ya taɓa kula su, don sun yi nisa. Na mirgino turmi na kife shi, na hau, na cusa musu tsumma har suka cika, na liƙe. Sannan na kunna fitilar aci-bal-bal na bi gefen tagar da ita, kamar yadda na ga wani kafinta ya taɓa yi. Harshen wutar ya tsaya cak. Ɗakin ya yi tsit, irin shirun da ban taɓa ji a gidanmu ba. Yaya ta yi dariya ta ce hannuna yana da albarka, duk wanda ya aure ni ba zai san sanyi ba.

Bayan azahar Mma ta kawo kurfoti. Gawayin ranar ya sha laima, samansa baƙi ne, ƙasan ne kawai ya kama. Na zauna wajen Yaya muna hira kaɗan kaɗan. Can sai jaririn ya fara kuka, aka ba shi nono ya ƙi, aka jijjiga shi ya ƙi. Yaya ta dafe goshi ta ce kanta ya yi nauyi, in kai shi wajen Mma ko ta samu ta runtsa. Na naɗe shi a zane na rungume, na fita, na ja ƙofar da hannuna, na gyara bargon.

Mma tana rumfar girki tana haɗa waakye, wato shinkafa da wake, na sayarwa da yamma. Na zauna kusa da murhu da yaron, ya yi shiru nan da nan. Ina iya tuna ƙarar ruwa a kan kwano, da tururin tukunya, da wata maƙwabciyarmu da take waƙa a bayan katanga tana daka. Babu abin da ya nuna wani abu na faruwa. Da aka kira la'asar na ce ko in kai wa Yaya kunu, Mma ta ce in ƙyale ta, barcin mai jego magani ne. Sai da ruwan wanka ya tafasa sannan ta karɓi yaron ta ce in je in tashe ta.

Ina buɗe ƙofar zafi ya daki fuskata, na ji jiri ya ɗebe ni har na dafa bango. Tana kwance a gefenta, hannu ɗaya ya sauko daga gado. Fuskarta ta yi kyau, leɓunanta sun yi ja kamar ta shafa jan baki, abin da ya sa ban tsorata da farko ba ke nan. Na kira ta, na taɓa ƙafarta, na girgiza kafaɗarta. Ban yi ihu ba. Na fito na tsaya a bakin rumfa cikin ruwa na ce wa Mma Yaya ta ƙi tashi.

Maza suka ɗauke ta a tabarma zuwa bakin titi, aka samu mota, amma ko asibitin ba a kai da ranta ba. Washegari da safe aka yi jana'iza. A zaman makoki kowa da abin da ya faɗa. Wasu suka ce jinin haihuwa ne ya hau mata kai. Wasu suka ce mutanen ɓoye ne na lungun nan, dama kwatar ba ta da kyau. Malamin unguwa ya ce ajali ne, a bar bincike, a yi mata addu'a. A ɗakin nan mata suka zauna karɓar gaisuwa, ƙofa a buɗe. A rana ta uku wata tsohuwa ta ɗaga kai ta dubi tagar, ta ce kai, wa ya yi wannan aiki mai kyau haka? Ina tsugune a bakin ƙofa, idona a kumbure, amma sai da na ji daɗi. Na ce ni ce. Cikin duk abin da ya faru, wannan amsar tana cikin waɗanda suka fi dawo mini.

Yaron ya zauna a hannunmu. Matar kawunmu tana shayarwa a lokacin, ita ta ba shi nono, ni kuma bayana ya zama gadonsa. Ubansa ya sake aure, daga baya ya bar garin. Mma ta canza, amma wace uwa ce ba ta canzawa? Ta rage magana. Shekarar da ta biyo baya, da ruwa ya sauka, na jira ta fito da ƙunshin tsummoki, ba ta fito da shi ba. Ba ta sake sa kowa toshe taga ba, ba ta sake shiga da kurfoti ɗaki ba, ko da haƙoranta suna kaɗawa. Na ɗauka baƙin ciki ne ya sa komai ya fita ranta.

Sai da na yi aure, na yi haihuwa ta uku, sannan na sani. Na kai jaririyata awo a babban asibitin da ke wajen Bantama. Muna zaune a kan benci, mata sun fi hamsin, sai wata ma'aikaciyar jinya ta tsaya a gabanmu tana yi mana bayani da harshen Asante kafin a fara kiran suna. Ta yi maganar ruwan sha, ta yi maganar sauro, sannan ta ce tunda lokacin ruwa ne, kada kowa ya kuskura ya shiga da gawayi ɗaki ya rufe. Ta ce akwai abin da ke fita daga gawayi wanda ba a gani, ba a jin warinsa. Mutum zai ji kansa ya yi nauyi, barci ya ɗauke shi, shi ke nan. Ta ce tsofaffin gidaje masu tagogin da ke yoyon iska su ne suke ceton mutane ba su sani ba. Wasu matan suka yi dariya. Ni kuwa an kira sunana sau uku ban ji ba, sai da ta kusa da ni ta taɓa ni. Ban hau trotro, motar haya, ba ranar. Da ƙafa na taho, da goyo, ban tsaya gidan mijina ba, na wuce jan gida kai tsaye.

Na tarar da Mma a tsakar gida tana tsintar shinkafa a faranti. Na durƙusa na gaishe ta, maganar tana bakina. Ta ɗago ta tambaye ni yaya awon, yarinyar ta ƙaru? Na dubi hannuwanta, na dubi yadda ta rame tun rasuwar Yaya. Na ce a raina, yanzu in ce mata 'yarta ɗaya ce ta kashe ɗayar? Ta rasa guda, in sa ta riƙa kallon wadda ta rage da wannan a zuciyarta? Na ce ta ƙaru, Mma. Na jawo farantin muka ci gaba da tsinta tare.

Haka na riƙe shi. Na yi istigfari, na yi azumi, na yi sadaka da sunan Yaya duk Juma'a. Na san ban yi da niyya ba, na san kowa da ranarsa, malamai sun faɗa kuma na yarda. Amma sanin kai daban, na zuciya daban. Da mijina ya rasu na dawo gida na yi jinyar Mma shekara da shekaru, ina juya ta, ina ba ta abinci a baki, muna kwana ɗaki ɗaya, ban taɓa buɗe baki ba har na rufe mata ido. Bayan ta tafi na kwashe kayana na koma ɗakin ƙarshe. Ramukan nan uku na sama na sa aka buɗe su. Jikoki sukan ji tausayina su cusa leda ko soso a gefen tagar, suna fita in zare. Na ji su suna cewa Kaka ta fara ruɗewa.

Jiya bayan la'asar, da masu aiki suka tashi, Maisuna ya jawo benci ya zauna a bakin ƙofata. Bai yi faɗa ba, ba halinsa ba ne. Ya ce an riga an yanko gilashin daidai da tagar, ya ce tarin da nake yi yana hana shi sukuni, ya ce idan katakon nake so za a ajiye mini shi. Na girgiza kai. Sai ya ce, "Inna, ki gaya mini gaskiya. Me ke tsakaninki da tagar nan?"

Ban shirya ba. Na yi shekaru ina tsara yadda zan faɗa, amma da ya fito bai bi tsari ba. Na gaya masa a ɗakin nan uwarsa ta rasu, wannan ya sani. Na gaya masa turmin da na hau, da ramukan, da fitilar, da ƙofar da na ja yana hannuna. Na gaya masa abin da matar asibiti ta faɗa. Na ce ni na raba shi da uwarsa, kuma na bar shi yana kirana Inna duk tsawon rayuwarsa bai sani ba. Ina magana ina kallon ƙasa.

Da ya yi magana, muryarsa ta yi ƙasa sosai. Ya ce ya sani. Ya ce a ciwon Mma na ƙarshe, wata rana na tafi kasuwa, ta kira shi ta riƙe hannunsa ta nemi gafararsa. Ta gaya masa cewa a ranar da Yaya ta rasu, tsakanin azahar da la'asar, lokacin da na juya ina rarrashinsa, ta je ta leƙa ɗakin. Ta ji zafi, ta ji kanta ya sara, ta ga Yaya ta ɗan motsa hannu. Ta ɗauka juyi ne na barci. Ta gode wa Allah da ɗakin ya yi ɗumi a ƙarshe, ta ja ƙofar ta ƙara danna ta. Ko arba'in ba a yi ba wani mai kawo mana gawayi daga daji ya yi mata gaisuwa, ya ji yadda abin ya faru, ya gaya mata abin da gawayi yake yi a rufaffen ɗaki. Tun ranar ta sani.

Na ce to me ya hana ta gaya mini?

Ya ce, "Ta sa na yi mata rantsuwa ba zan faɗa miki ba. Ta ce idan kika ji, za ki tuna ke kika toshe tagar, kuma ke yarinya ce, aike aka yi miki. Ta ce gara ta tafi da shi ita kaɗai."

Na zauna ina jin maganar tana sauka. Na tuna shekarun da muka yi ni da Mma a gidan nan, gwiwa da gwiwa, muna tsinta, muna daka, muna hirar farashin manja da auren 'ya'yan mutane, kowace tana tsare 'yar'uwarta daga abin da dukanmu muka riga muka sani. Da ɗayarmu ta yi ƙarfin hali sau ɗaya, da mun yi kukan tare. Yanzu babu wadda zan je in ce wa na ji, Mma, ni ma na sani, ki sauke. Wannan kukan ne na yi jiya, kuma Maisuna ya bar ni na yi shi har na gaji, bai ce in yi haƙuri ba.

Ba mu koma maganar gilashi ba. Da na share fuska sai ya gyara zama, ya ce akwai abin da ya daɗe yana son tambaya, amma tun yana yaro ya lura duk lokacin da aka ambaci uwarsa sai ni da Mma mu tashi mu kama wani aiki, shi ya sa ya bari. Babu hotonta ko ɗaya. Ya ce, "Yaya kamanninta suke?"

Na fara faɗa masa, abin ya yi ta zuwa. Na ce doguwa ce, baƙa, mai saurin tafiya, ba ta iya raɗa ba ko ta so. Na ce tana cin barkono kamar ba gobe, tana tsoron kyankyaso amma ba ta tsoron kowane mutum. Na ce idan ta yi dariya sai ta rufe baki da gefen mayafi, saboda tana jin kunyar wushiryarta, alhali ita ce ta fi komai kyau a fuskarta.

Sai na ga ya ɗaga hannu a hankali ya taɓa haƙoransa na gaba. Dattijo mai jikoki, yana zaune a kan benci yana shafa wushiryarsa da ɗan yatsa. Shekara sittin ina ganinta a bakinsa duk lokacin da ya yi mini murmushi, ban taɓa gaya masa ta wace ce ba.

Na ce, "Tata ce. Ita ta bar maka."